Takalmin da Ya Ɗauki Ƙafata a Dajin Dalowa

Daga Dakoro zuwa Dalowa ta ƙasar Kwaddibuwa kwana goma sha ɗaya na yi, kuma duk tsawon hanyar nan takalmina na taya bai ba ni kunya ba. Da shi na tura kamyon gyaɗa, babbar motar da ta mace mana kafin Yamai, da shi na yi tsayuwar jiran jirgin ƙasa a Wagadugu, da shi na tsallake iyaka biyu inda sababbin jandarmomi baƙaƙe irina suke zaune ƙarƙashin sababbin tutoci suna juya takardata sama da ƙasa. Ba a daɗe da ba mu mulkin kai ba, kowa yana ɗokin kakinsa. Ni kuwa shekarata ashirin da 'yan kai, kaina cike da iska. Gani nake ƙafar da ta taka rairayin Azagor da tsakar bazara babu ƙasar da za ta gagare ta.

Laka ce ta fara koya mini hankali. Na sami aikin ƙarfi a wani kamfanin yankan katako, tafiyar rabin yini a mota daga Dalowa, can cikin kurmi. Mu ne masu share hanya da jan sarƙa. A kwana na uku na taka wani wuri mai kama da busasshiyar ƙasa, ƙafata ta nutse har gwiwa, na zaro ta ba takalmi. Na zura hannu har kafaɗa ina lalube, mutane suna ta dariya da yaren da ban sani ba. Ɗayan da ya rage na rataye shi a bukka, na ci gaba da aiki ƙafa tsirara. Ƙaya ta sha ni, kwarkwasa ta sha ni, amma na yi ta maza.

Wanda ya riƙe ni a wurin shi ne Baba Arzika, mutumin Ajekoriya, mai dafa wa ma'aikata abinci. Ya fi shekara goma a kurmi. Ranar da na zo ya ji ni da Hausa ina zagin wata akuya da ta sa baki a ƙunshina, ya ajiye ludayi ya zo ya tambaye ni ɗan wane ne ni. Ashe ya san kakana a kasuwar Dakoro. Tun daga ranar ƙanzon tukunya nawa ne.

Ba don shi ba da ban kai wata ba. A garinmu in ka tsaya bayan gari kana hango mai raƙumi tun bai fi ƙuda ba. A can kuwa ko rana ba ka gani sosai, itatuwa sun rufe sama, komai a jiƙe, tabarma tana wari, ashana ba ta kamawa. Abinci rogo da ayaba, gobe ayaba da rogo. Wata rana da hantsi ina sara na tuna ƙamshin furar innata, na koma bayan wani icce na yi kuka sosai. Ba na jin kunyar faɗa.

Komawa gida kuwa ba ta taso ba. Babana bai so tafiyata ba. A gaban ƙannena ya ce ba zan yi wata uku ba zan dawo ina neman tuwo, ni kuma na ce za a gani. To ga shi ina cikin wata na uku sai labari ya bazu cewa da zarar babban ruwa ya sauka za a sallami masu aikin ƙarfi duka. Mutum biyar kaɗai ake bari, su ne masu neman itace. Aikinsu su shiga daji kwana da kwanaki a ƙafa, su gano manyan itatuwan da za a sare in rani ya yi, su shafa musu fenti. Ɗaya daga cikinsu ya bar aiki, gurbi ɗaya ya buɗe.

Shugabansu wani gajere ne mai suna Shef Kwadiyo, ba ya dariya, ba ya kiran sunana, sai dai ya ce "Nijar". Ya lura ni ba na ɓata a daji. Ko an yi ta kewaye da mu, in aka tambayi ina sansani sai in nuna da hannu, kuma can ɗin ne. Wannan ba wayona ba ne, kiwo ne ya koya mini. Ya sa Baba Arzika ya fassara mini: nan da mako biyu za a fita kwana huɗu, mu uku za a gwada, ɗaya za a ɗauka. Ya dubi ƙafata ya ƙara da cewa wanda ba shi da bot kada ma ya fito. Bot shi ne takalmin nan na fata mai dogon wuya da igiya, irin na soja.

A nan na tafka wautar da har yau in na tuna sai in yi tsaki. A wurinmu in kana son takalmi kuma ba za ka kasuwa ba, karan hatsi kake samu, ka taka shi, ka karya daidai tsawon ƙafarka, ka ba mai tafiya. Haka babana yake yi, haka kakana ya yi, kuma ba a taɓa kawo wa wani wanda bai yi masa ba. Babu karan hatsi a kurmi, sai na yanki siririyar sanda na auna tsaf, na ba direban da ke kai gungume Dalowa, tare da abin da na tara. Ban gaya wa Baba Arzika ba. So nake kawai ya gan ni ina taƙama.

Washegari direba ya kawo su, baƙaƙe wul, suna ƙyalli har kana ganin fuskarka. Na ɗora sandata a kai, tsawo daidai, ko tsinke bai ragu ba. Amma ƙafa ta ƙi shiga. Direba ya ce haka sabon bot yake, fata ce, tana saki, in dai jure. Na shafa sabulu na cusa. Kwana biyu ina aiki a cikinsu ina cije leɓe ina murmushi, don mutane suna kallo. A yammacin na biyu sai da mutum biyu suka ja kafin su fita. Ƙananan yatsuna sun saɓule, dunduniya ta yi bororo ta fashe, farcen babban yatsa ya yi baƙi. Ko tsayuwar salla ban iya ba.

Baba Arzika ya tsuguna ya dubi ƙafar, ya dubi takalmin.

"Mati, wa ya auna maka wanga abu?"

"Ni na auna, Baba. Kara na aika."

Ya yi dariya har da hawaye, ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Da ya nutsu ya ce, "Ɗana, kara tsawo ɗai shike awo, bai san hwaɗi ba. Takalmin gida buɗe shike, yatsu su tahi inda sunka so. Wanga kuwa ɗaki ne. Dubi ƙahwarka, tun da anka haihe ka rairai take taka, ta baje. Mi za ta yi cikin ɗakin da anka gina ma ɗan birni?"

Ya dafa ruwan gishiri ya gasa mini, ina ihu yana danna. Ya kwance wani ƙullin garin bagaruwa da yake ɓoyo tun daga gida ya barbaɗa a kan ciwon. Kwana biyar ina zaune a madafa ina feraye masa rogo, ina lissafin kwanakin da suka rage, tsoro yana cina. Da ciwon ya kame ya ce in tafi Dalowa da ƙafata, kada in sake aika kowa. In nemi wani tsohon soja a bayan masu gishiri, ana ce masa Sarja Cemoko. Kuɗi kuwa babu, sai na ɗauki babbar rigata mai aiki, wadda na zo da ita don ranar komawa gida, na sayar wa wani mai awon katako. Ta yi mini zafi, amma riga ba ta tafiya daji.

Na bi motar dare, da safe kasuwar Dalowa ta ruɗa ni. Da masu takalma sun gan ni ina ɗingishi riƙe da takalmi sai su yi caa a kaina. Wannan ya ja hannuna ya nuna na roba, wancan ya rantse nasa daga Faransa ya sauka jiya. Na yi kunnen uwar shegu da su har na kai bayan masu gishiri.

Sarja Cemoko dogon tsoho ne Bambara, ido ɗaya ya yi fari, yana zaune a kan akwati cikin tarin tsofaffin takalman soja. Ya yi zama a barikin Damagaram, yana jin Hausa irin ta bariki, a karkace amma ana ganewa. Na gaishe shi na ce Baba Arzika ya aiko ni. Ya karɓi baƙaƙen takalmana, ya shinshina, ya lanƙwasa, ya sa wuƙa ya ɗaga ƙasan ɗaya. Kwali ne a ciki, kwalin sukari, har da rubutunsa. An manna da danƙo an shafe da baƙin mai. Ya ce ko sun yi mini daidai, ruwan farko zai raba ni da su. Na ji kamar in koma sansani a guje in shaƙe direban nan.

Na ce to ya ba ni nagari. Sai ya ce ba ya sayar da takalmi da safe. In tafi in yi ta yawo a ƙafa, kada in zauna, in dawo bayan la'asar.

Na ɗauka wulaƙanci ne. Na ce da kuɗina na zo, ba roƙo ba. Ya ɗaga idonsa mai gani ya ce, "Samari, ƙafar safe ƙarya take yi. Ta kwana ta huta, ta ƙanƙance. Ni ƙafar yamma nake aunawa, wadda ta sha wuya ta kumbura. Da ita za ka yi aiki."

Na fita ina gunaguni. Na zaga garin nan har na san shi, tasha, masallaci, wajen masu goro, na koma tasha. Da azahar yunwa da gajiya suka zaunar da ni gaban wata mata mai sayar da abin da suke kira dege, gero ne da nono, ɗan'uwan furarmu. Ba ta jin Hausa, ba na jin Jula. Na sha ludayin farko na runtse ido, ban san abin da ta gani a fuskata ba, ta dai ƙara mini nono har ƙwarya ta cika, da na miƙa kuɗi ta ture hannuna. Ban san sunanta ba, amma har yau ina sa ta a addu'a.

Da la'asar na koma. Sarja ya shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙasa, ya sa na saka safa mai kauri na tsaya a kai. Sai ya kira masu gishiri suka ɗora mini buhu guda a ka. Ya ce mai kaya ƙafarsa ta fi ta mai hannu sake faɗi. Ina tsaye wuyana yana rawa, shi kuma ya durƙusa da gawayi yana bin gefen ƙafata a hankali, dama da hagu. Da na sauka na ga zanen sai kunya ta kama ni, kamar sawun raƙumi. Kuma ta hagu ta fi ta dama, abin da ban taɓa sani ba duk zamana da su.

Ya yanke zanen da almakashi. Ya riƙa ɗaukar takalmi yana zura takardar a ciki, ya zaro ya duba. In gefenta ya naɗe, sai ya jefar da takalmin baya. Waɗanda ya jefar sun fi goma, ciki har da wasu jajaye masu kyau da raina ya biya. A ƙarshe ya zaro takardar lafiya lau daga wasu munana, ruwan ƙasa, masu faffaɗan baki, wani ya riga ya ɗan taka su. Na ce ba su da kyau. Ya ce shi bai san zance zan je da su ba, ya ɗauka daji aka ce.

Sai ya koya mini su kamar mai sayar da doki. Ya nuna mini ƙasan a ɗinke yake da zare mai kakin zuma, ba manne ba, in ya cinye ana iya sake wani. Ya nuna harshen a ɗinke yake da gefe har sama, ruwa da kwarkwasa ba su da ƙofa. Ya sa na lanƙwasa, ya lanƙwashe daidai inda yatsu suke lanƙwasa. Na saka, ya ɗaure mini igiya da kansa, sako-sako a ƙasa, tamau a idon sawu. Ya danna babban yatsansa a gaba ya ga akwai wuri. Ya ce in motsa yatsuna, suka motsa duka goma. Ya tura ni wani gangare bayan kasuwa in sauka in hau sau uku, in ji ko yatsu suna dungurin gaba ko dunduniya tana ɗagawa. Wallahi a sauka ta biyu na ji abin da ban taɓa ji ba, ƙafata a rufe kuma a sake. Na dawo ina washe baki.

Ya ce in faɗi gaskiya, ba inda ya taɓa? Na ce ɗan yatsan hagu kaɗan, ba komai. Ya ce kaɗan ɗin nan ne yake kwantar da soja a kwana na uku. Ya ce in cika bakin na hagun da wake, in zuba ruwa, in bar shi ya kwana, waken zai kumbura ya tura fatar. Bayan haka in shafe su da man kaɗe. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Kai mai salla ne, ka ci riba. Duk alwala ka cire, ka wanke, ka shanya ƙafa ta bushe kafin ka mayar. Kada ka yi ƙyuya don igiya tana da tsawo."

Waken ya yi aikinsa. Baba Arzika ya juye shi a kwano ya ce ba a zubar da abinci, zai dafa wa direba. Direban kuwa da na jefa masa kwalin sukarinsa sai ya hau rantsuwa cewa shi ma cutarsa aka yi. Na ƙyale shi, amma ban yarda ba har gobe. Sauran kwanakin na yi ta yawo da takalmin, safe kaɗan, yamma kaɗan, har muka saba da juna.

Ranar fita muka shiga daji mu bakwai, kowa da adda da kaya a ka. Abokan gwajina biyu 'yan ƙasar ne, sun fi ni sanin itatuwa nesa ba kusa ba, kuma suna jin Faransanci. Ɗaya yana da bot na roba har gwiwa, ɗayan sababbi fil na kanti. A ranar farko su ne a gaba, ni a baya, kuma duk lokacin salla sai in tsaya in kwance igiya. Shef Kwadiyo ya riƙa duban agogo yana tsaki. Na san ina zubar da darajata a idonsa, amma ban fasa ba. In na idar sai in bi sawunsu da gudu-gudu in cim musu.

A rana ta biyu ruwa ya sauka tun safe. Muka ratsa fadama uku, laka har ƙwauri. Ta kama takalmina ta ja, ni ma na ja, ni na ci. Mai na roba ruwa ya cika masa ta sama, zufa ta dafa ƙafarsa, da yamma ta yi fari fat tana saɓulewa. Na ba shi sauran garin bagaruwar Baba Arzika, don na san zafin. A rana ta uku mai sababbin ya fara taka gefen ƙafa, can ya cire su ya rataya a wuya, kwarkwasa kuwa ta same shi. Ban yi murna da wahalarsu ba, Allah ya sani, amma ba zan ce ban ji daɗin kaina ba. Yanzu ni ne a gaba, ni ke sare hanya, har kayan ɗayansu na ɗora a kan nawa. Na fara gane itacen da ake nema ma, ɗan'uwan maɗaci ne, in na sari ɓawon na ɗanɗana ɗacin yakan gaya mini.

A rana ta huɗu da la'asar muka tsaya bakin wani rafi. Na zauna a kan dutse na cire takalmi zan yi alwala. Sai ga Shef Kwadiyo tsaye a kaina. Na ce yau kam zai zage ni. Ya tsuguna, ya kama ƙafata ta hagu ya ɗaga kamar mai duba kofaton jaki, ya buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya danna dunduniya. Ya kama ta dama ya yi haka. Babu bororo, babu jini, sai tabon tsohuwar wautata. Ya ɗauki takalmin ya juya shi ya ƙwanƙwasa ƙasan. Ya jira har na yi sallata, bai dubi agogo ba.

Da na sallame ya miƙo mini gwangwanin jan fenti da buroshi, abin da ba ya ba kowa riƙo sai mutanensa. Ya nuna wani icce a ƙetaren rafin, wanda mutum shida ba za su kewaye shi da hannu ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatan mai ɗan jin Hausa ya ce, "Shef ya ce naka ne. Ka sa masa alamarka, a san wanda ya gano shi."

Na ce ban yi lakwal ba, ban iya rubutun boko ba. Aka gaya masa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce kowace alama ce, in dai tawa ce. Kuma a karo na farko ya kira ni Mati.

Na ɗaura igiyata ban yi sauri ba, na ratsa rafin, na tsaya gindin iccen nan ina ɗaga kai ban ga ƙarshensa ba. Na rasa abin da zan zana, sai na shafa kumatuna, na ji askar gidanmu a ƙarƙashin yatsuna. Na tsoma buroshi na ja masa ita layi bayan layi, daga gefen baki zuwa kunne, yadda wanzami ya yi wa babana ya yi mini. Shekara tara na yi a aikin nan, kuma duk wani babban icce da na gano a dajin Dalowa, da zanen gidanmu ya faɗi.